Ga Matasan Ikilisiya: Kada Ku Tsallake Shafukan Asali



Akwai waɗansu shafuka a Littafi Mai Tsarki da kusan kowannenmu yake tsallakewa. Mutum zai ɗaura niyyar karance Littafin daga bango zuwa bango, ya ji daɗin labarin halitta, ya tausaya wa Habila, amma da ya iso inda aka fara wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane, sai ido ya yi nauyi, hannu ya juya shafi. Babi tara na farkon Littafin Tarihi na Ɗaya kusan duka sunaye ne, kuma da wuya ku ji fasto ya hau mumbari da su ranar Lahadi. Wannan ya kamata ya ba mu mamaki, domin mu mutane ne da asali yake da nauyi a wurinmu ƙwarai. A ƙasarmu ba a ba da 'ya aure sai an aika an binciko gidan su yaro. Ba a naɗa sarki sai an ƙirga kakanninsa. Maroƙi yakan sa attajiri ya zazzage aljihunsa da ambaton sunan kakansa kawai. Ku kanku ba ku samun gurbi a jami'a ko aikin gwamnati sai kun nuna takardar shaidar ƙaramar hukumar da kuka fito. Ga shi kuma Sabon Alkawari bai buɗe da mu'ujiza ko wa'azi ba, da jerin kakanni ya buɗe. Ina so in gaya muku abin da na gani a cikin waɗannan sunaye, domin sun shafi yadda za ku zauna da Bafulatanin da ke kiwo a bayan gonarku, da Inyamurin da ke da shago a layinku, da yarinyar wata ƙabila da ɗayanku zai so wata rana.

Jerin asali ba ƙirgar matattu yake yi kawai ba, hukunci yake yankewa a kan masu rai. Ku ɗauki labarin Bayajida da kuka sani tun kuna firamare. Ya zo Daura, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Daurama ta haifa masa Bawo, kuyangar da aka ba shi kuma ta haifi Karɓagari. Daga tsatson matan aure aka fitar da Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Daga ɗan kuyanga aka jero Banza Bakwai, inda aka saba sa Zamfara, Kabi, Yawuri, Nufe, Gwari, Kwararrafa da Yarabawa, ko da yake jerin yakan sauya daga baki zuwa baki. Masana tarihi suna ta gardama a kan abin da ya faru da wanda bai faru ba, wannan nasu ne. Abin da nake so ku lura da shi shi ne aikin da labarin yake yi. Ya yarda cewa Banufe da Bagwari dangi ne, amma ya zaunar da su a ƙasa. Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan ba. Duk ƙabilar da kuka fito, idan kuka zauna da tsofaffinta, za ku ji labarin da ya sa ku a tsakiyar duniya, ya tura maƙwabta gefe.

Yanzu ku buɗe Farawa sura 10. An jera al'ummai saba'in, zuriyar 'ya'yan Nuhu uku: 14 daga Yafet, 30 daga Ham, 26 daga Shem. Ku duba da kyau, ba za ku ga sunan Isra'ila a ciki ba. Mutanen da suka adana wannan littafi, suka kwafe shi tsara bayan tsara, sun rubuta taswirar duniya ba tare da sun sa kansu a cikinta ba, sai can gaba suka fito daga wani reshe guda na gidan Shem. Masar da ta bautar da su tana ciki. Kan'aniyawa da suka yi ta yaƙi da su suna ciki. Assuriya da Babila, waɗanda daga baya suka rushe biranensu suka kwashe su bauta, su ma suna ciki, a matsayin jikokin mutum ɗaya. Sau uku surar tana maimaita cewa kowace al'umma tana da harshenta da ƙasarta da iyalanta, kuma ta zo ne bayan Allah ya sa wa Nuhu da 'ya'yansa albarka ya ce su cika duniya. Wato yawan harsuna da ƙabilu albarka ce tana cika. Wannan gaskiya ce Bulus ya tsaya a kanta a Atina, gaban mutanen da suke ganin duk wanda ba Bahelene ba bagidaje ne. Ya ce musu daga mutum ɗaya Allah ya yi kowace al'umma, shi ne kuma ya yanka wa kowacce lokacinta da iyakarta domin ta neme shi. Sa'an nan ya kawo musu shaida daga bakin mawaƙansu na kansu, waɗanda ba su taɓa jin sunan Musa ba. Bayahude ɗan Farisiyawa ya karanta waƙoƙin masu tsafi har ya san inda suka faɗi gaskiya. Ku tambayi kanku ko kun san wani abu na kirki guda ɗaya da maƙwabtanku suke koya wa 'ya'yansu.

Akwai wata ɗabi'a ta Littafin Farawa da ta daɗe tana burge ni. Duk inda gida ya rabu biyu, sai marubucin ya fara da reshen da alkawari bai bi ta kansa ba, ya ba shi haƙƙinsa cikakke, sa'an nan ya koma kan zaɓaɓɓen. Zuriyar Kayinu ta riga ta Shitu. Yafet da Ham sun riga Shem. Isma'ilu ya riga Ishaku, Isuwa ya riga Yakubu. A zuriyar Kayinu, mai kisan kai na farko, a nan ne aka ambaci Yabal uban masu zama a alfarwa da kiwon dabbobi, da Yubal uban masu kiɗan molo da busa, da Tubal-kayinu maƙerin tagulla da ƙarfe. Kiwo da kiɗa da ƙira duk daga gidan da ya bauɗe suka fito, amma Dawuda da ya rera zabura da molo ya rera, Haikalin Sulemanu kuwa wani maƙeri ne daga Taya ya yi masa aikin tagulla. A wannan gida ne kuma Lamek ya tsaya yana yi wa matansa kirarin jinin da ya zubar. Littafin bai ɓoye ko ɗaya ba. Haka kowace al'ada take, har da tamu, baiwar Allah da ɓarnar mutum a gida ɗaya. Kakanninmu na bangaskiya sun sha fama da wannan. An yi zamanin da aka hana ganga shiga majami'a a wurare da yawa, ana cewa kayan tsafi ce. Yau ku je taron Zumunta Mata ku ji yadda tulu da kacau-kacau da ganga suke ɗaga sunan Yesu. Iyayenmu mata sun fahimci gidan Yubal fiye da waɗansu masu digiri.

Bari in tsaya a kan Isma'ilu, domin nan ne na fi jin matasanmu suna zamewa. Nakan ji ana kiran maƙwabtanmu Musulmi 'ya'yan Isma'ilu ko 'ya'yan baiwa, da muryar raini, kamar an gama magana. Wanda ya faɗi haka bai karanta Farawa ba. Allah da kansa ya raɗa wa yaron suna tun yana ciki. Mala'ikan Ubangiji ya sami Hajaratu Bamasariya a jeji har sau biyu. Allah ya yi wa Ibrahim alkawari zai sa wa Isma'ilu albarka ya mai da shi babbar al'umma, kuma an rubuta cewa Allah ya ji kukan yaron, yana tare da shi yayin da yake girma. A sura 25 an jera 'ya'yansa goma sha biyu da sunayensu, sarakuna goma sha biyu, daidai da yawan kabilun Isra'ila, an kuma faɗi shekarunsa 137 kamar yadda ake faɗin na manyan kakanni. Ranar da Ibrahim ya rasu, Ishaku da Isma'ilu tare suka binne shi a kogon Makfela. Gaskiya ne alkawarin ceto ta wurin Ishaku ya bi, wannan muka gaskata kuma ba mu jin kunyarsa. Amma zaɓen ɗaya bai zama la'anar ɗayan ba. Inda Bulus ya yi misali da Hajaratu a wasiƙarsa ga Galatiyawa, ya faɗa da bakinsa cewa yana nufin alkawarin Dutsen Sina'i da Urushalima ta zamaninsa, wato masu neman kuɓuta ta bin Shari'a. Bai yi zancen Larabawa ba, balle Musulmi da suka zo bayansa da shekaru kusan ɗari shida. Ban da haka ma, Bahaushe Musulmi na Funtuwa ko Malumfashi ya fi kusa a jini da Bamaguje Kirista na ƙauyen gefensa fiye da kusancinsa da kowane Balarabe. Sau da yawa kakansu ɗaya ne, kuma tsofaffin gidan sun san sunansa.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za ku ce Baba, kana maganar zumunci, mu kuwa mun binne mutanenmu. Kafancan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001, 'yan matan Chibok a 2014, da ƙauyuka da yawa da ba su taɓa shiga jarida ba. Akwai gidajen Kirista da na Musulmi da har yau ba su daina kuka ba. Ban ce ku manta ba, ban ce ku daina neman shari'a a kan wanda ya yi kisa ba, ban kuma ce ku kwana ƙofa a buɗe ba. Amma ku dubi Edom. Zuriyar Isuwa ce, an ba ta sura guda cur, Farawa 36, ayoyi 43, har da sarakunanta da suka yi mulki tun Isra'ila ba ta da sarki. Edomawa sun hana Isra'ila ratsawa ta ƙasarsu a zamanin Musa, sun kuma yi murna ranar da Urushalima ta faɗi, annabi Obadiya ya tsawata musu ba sassauci. Duk da haka Shari'a ta hana Ba'isra'ile ƙyamar Ba'edome, dalilin da ta bayar kuwa shi ne ɗan'uwansa ne. Ta kuma hana shi ƙyamar Bamasare, wanda kakanninsa suka jefa jariran Isra'ila a kogi, domin Isra'ila ta taɓa baƙunci a ƙasarsa. Allah ya hukunta laifin, bai soke zumuncin ba. Wanda ya kashe ɗan'uwanka mai laifi ne, sunansa da fuskarsa nasa ne shi kaɗai. Ranar da ka ɗora laifinsa a kan jinin ƙabilarsa duka, har jaririn da ke goye, ka bar koyarwar Littafin ka koma kirarin Lamek.

Ba a taɓa cin zarafin wani jerin asali kamar yadda aka ci na Ham ba, kuma mu baƙar fata mu ne muka sha ɗacinsa. Shekaru aru-aru ana wa'azi cewa Nuhu ya la'anci Ham, baƙar fata zuriyarsa ce, saboda haka bauta gadonta ce. Ku karanta Farawa sura 9 da idonku. La'anar a kan Kan'ana ta faɗa, ɗa ɗaya cikin huɗu, kuma zancen launin fata bai fito ko sau ɗaya ba. Kush, wanda ƙasarsa take kudu da Masar, wajen Sudan ta yau, babu abin da ya taɓa shi. Amma da wannan karatun ƙarya masu gonakin auduga a kudancin ƙasar Amurka suka kwantar da zuciyarsu. Babbar ƙungiyar Baftis ta kudancin ƙasar Amurka ta kafu a 1845 saboda rigima kan ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan, sai a 1995 ta fito fili ta nemi gafara. A Afirka ta Kudu, malaman babbar ikilisiyar Turawan ƙasar sun kafa hujjar wariyar launin fata da labarin hasumiyar Babila da rarrabuwar al'ummai, har ƙungiyar ikilisiyoyinsu ta duniya ta yanke a 1982 cewa wannan koyarwa bidi'a ce. Ya kamata kuma ku san cewa tun wajen 1615 wani malamin Musulunci na Tambutu, Ahmad Baba, ya rubuta cewa baƙin fata ba hujjar bauta ba ne, bai yarda a fake da labarin Ham ba. Bai haramta bauta ɗungurungum ba, amma a wannan gaɓa ya riga fastoci da yawa ganin gaskiya da shekaru ɗaruruwa.

Daga baya Turawa suka juya labarin ta wata fuska. John Speke, mai neman mafarin kogin Nilu, ya yaɗa a 1863 cewa duk inda aka ga sarauta mai tsari a tsakiyar Afirka, to waɗansu makiyaya masu hasken fata ne daga wajen Habasha suka kawo ta, aka kuma laƙaba wa waɗannan makiyaya sunan Ham. Abin ya taɓo mu, domin a 1912 wani masani Bajamushe, Carl Meinhof, ya sa Hausa da Fulatanci cikin harsunan Ham, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu Joseph Greenberg ya rushe wannan rabo. A Ruwanda ne dafin ya kai zuci. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, suna auratayya, akasarinsu kuma Kirista ne. 'Yan mulkin mallaka na Beljiyam da makarantun mishan suka koyar cewa Tutsi baƙi ne 'ya'yan Ham, aka rubuta ƙabilar kowa a katin shaidarsa. A 1992 wani ɗan siyasa, Léon Mugesera, ya tsaya gaban taro ya ce za a mai da Tutsi Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1994, cikin kwana ɗari, aka kashe mutum wajen 800,000, da yawa a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka, kamar na Ntarama da Nyange, gawarwaki kuma suka bi kogin. Mutanen da suka yi baftisma a ruwa ɗaya ne suka yi wa juna haka, saboda wani labarin asali da aka ƙaga. Don haka ina jin tsoro idan na ji matashi yana baza labari a Facebook cewa ƙabilarsu ce ɓatacciyar kabilar Isra'ila, ko kuwa wata ƙabila baƙuwa ce da ba ta da rabo a ƙasa. Yahaya Mai Baftisma ya gaya wa 'ya'yan Ibrahim na ainihi kada su dogara da sunan kakansu, domin Allah yana iya tayar wa Ibrahim 'ya'ya daga duwatsu. Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan gardamar asali marar ƙarewa, shi da yake da asalin da zai yi taƙama da shi, Ba'ibrane ɗan kabilar Biliyaminu, ya ce ya ɗauke shi hasara saboda Almasihu.

Ku zo mu shiga Matiyu sura 1, inda maganar ta fi daɗi. Matiyu ya tsara kakannin Yesu kashi uku, tsara goma sha huɗu a kowane kashi. Domin lissafin ya daidaita ya tsallake sarakuna uku a jere, Ahaziya da Yowash da Amaziya. Kun ga ke nan zaɓe yake yi, ba kwafe duk abin da ya samu ba. Mutumin da ya iya barin sarakuna uku a waje ya ga dole ne ya sa mata huɗu kafin Maryamu, a zamanin da ba a saba sa mata a jerin kakanni ba. Bai ambaci Saratu ba, bai ambaci Rifkatu ko Lai'atu ba, iyayen gida masu daraja. Tamar ya ambata, wadda Yahuza ya ɗauko wa ɗansa a lokacin da yake zaune cikin Kan'aniyawa, wadda surukin nata ya danne wa haƙƙi har ya amsa da bakinsa cewa ta fi shi gaskiya. Ya ambaci Rahab, Bakan'aniya, karuwar Yariko, wadda ta ji labarin Allahn Isra'ila daga nesa ta gaskata fiye da waɗanda suka ci manna. Ya ambaci Rut mutuniyar Mowab. Ta huɗun bai ma kira sunanta ba, ya ce matar Uriya, domin kada a manta da Bahitten nan, baƙo a rundunar Isra'ila, wanda ya fi sarki Dawuda riƙon amana a wannan labari.

Ku ƙara duban Rut. Shari'a ta ce Bamowabe ba zai shiga taron jama'ar Ubangiji ba har tsara ta goma. Rut ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Tsara uku kacal tsakanin Bamowabiya da gadon sarauta. Dawuda bai ɓoye wannan ba, da Saul ya matsa masa lamba wurin sarkin Mowab ya kai mahaifinsa da mahaifiyarsa ajiya. Idan kuka bi diddigi za ku ga abin ya fi haka yawa. Ifraimu da Manassa, kabilu biyu cikakku, uwarsu Asenat 'yar firist ɗin On ce ta Masar, Yakubu kuma ya ɗauke su 'ya'yansa. Kalibu, wanda ya tsaya tare da Joshuwa, ana kiran ubansa Bakenizze. A shafukan Tarihi da muke tsallakewa akwai wani Sheshan na kabilar Yahuza da bai da ɗa namiji, ya aurar da 'yarsa ga bawansa Bamasare, Yarha, aka kuma jera zuriyarsu tsara bayan tsara cikin Yahuza ba tare da an ja musu layi ba. Da Maryamu da Haruna, 'yan'uwan Musa, suka yi gunaguni saboda Musa ya auri mace Bakushiya, Allah bai tsawata wa Musa ba, Maryamu ce ta yi kwana bakwai a bayan zango da kuturta. Jinin da aka zubar a Kalfari domin ku, jini ne da Mowab da Kan'ana suke da hannu a ciki. Almasihu bai ji kunyar kakanninsa mata ba.

To me ya sa mu muke jin kunyar surukai? Na ga samari da 'yan mata masu tsoron Allah, ikilisiya ɗaya, ƙungiyar mawaƙa ɗaya, an raba su domin ita Bajju ce shi Atyap, ko ita Tangale shi Waja, ko don an ce gidansu bayi ne a dā, ko maƙera. Na ga Bahaushe da ya karɓi Almasihu, danginsa suka ce ya bar gida, ya zo majami'a ya tarar ana kallonsa kamar ɗan leƙen asiri, shekaru suna wucewa ba wanda ya yarda ya ba shi 'ya. Na ga Bafulatani mai bi yana zama a kujerar baya. Wannan abin kuka ne. Tarihinmu ma ya taimaka wa matsalar, domin 'yan mishan sun raba ƙasa a tsakaninsu, kowa da yankinsa. Ƙungiyar mishan ta SUM ta fara a Wase a 1904, 'yan Afirka ta Kudu suka shiga ƙasar Tibi a 1911, 'yan Denmark suka sauka Numan a 1913, 'yan Brethren suka kafa Garkida a 1923. Haka aka wayi gari sunan ikilisiyar mutum yana faɗin ƙabilarsa. Ba su yi da mugun nufi ba, amma mu muka gāji katangar, har zaɓen shugabannin ikilisiya yakan koma ƙirgar ƙabila. Abin da ya haɗa mu kuwa, Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, harshen maƙwabci ne ga yawancinku. Berom da Ngas da Bura da Zaar da Dakarkari sun yi addu'a tare da harshen da ba na uwarsu ba, kuma Allah ya ji. Ku riƙe harsunanku na gida da kyau, ku koya wa 'ya'yanku, amma kada ku ƙi Hausa don fushin tarihi, kada Bahaushe kuma ya ɗauka don da harshensa ake wa'azi shi ne babban ɗa.

Mai karatu da lura zai ce, to Ezra fa? Ba shi ne ya sa aka saki matan da ba Yahudawa ba? Nehemiya kuma bai yi faɗa da waɗanda 'ya'yansu suke jin harshen Ashdod ba su jin na Yahuza ba? Haka ne, kuma surori ne masu nauyi, ba zan yi muku ƙaryar cewa suna da sauƙi ba. Ku tuna mutane ne 'yan kaɗan da suka dawo daga bauta a Babila, sun san bautar gumaka ce ta kai su can, Nehemiya ma da Sulemanu ya yi misali, wanda matansa suka karkatar da zuciyarsa. Abin da ake tsoro shi ne gumaka, shi ya sa a littafin Ezra ɗin nan, sura 6, duk wanda ya rabu da ƙazantar al'ummai ya nemi Ubangiji ya ci Idin Ƙetarewa tare da su. Rut ta bar Kemosh, gunkin Mowab. Ba ta bar ladabinta da ƙwazonta da amanar da ta riƙe wa Na'omi ba, kuma har ƙarshen littafin ana kiranta Bamowabiya. Wannan ne ma'aunin da nake so ku riƙe. Akwai abin da kowa zai bari a bakin ƙofa, tsafi da camfi da ramuwar gayya da wulaƙanta gwauruwa, ko daga al'adar wa suka fito. Sauran kuwa, tuwonsa da rigarsa da gaisuwarsa da kiɗansa, ya shigo da su. Taron manzanni a Urushalima ya yanke cewa ba sai Bahelene ya zama Bayahude kafin ya zama Kirista ba. Sharaɗin da Bulus ya gindaya wa aure shi ne a yi shi cikin Ubangiji, bai ambaci ƙabila ba, wanda kuma ya riga ya yi aure da marar bi ya ce kada ya sake shi in dai ya yarda su zauna. Timoti da ya riƙa kamar ɗan cikinsa, uwarsa Bayahudiya ce ubansa Bahelene.

Luka ya bi wata hanya dabam da ta Matiyu. Ya fara daga Yesu ya yi ta komawa baya, ya wuce Dawuda, ya wuce Ibrahim, ya wuce Nuhu, bai tsaya ba sai a kan Adamu, Adamu kuma na Allah. Rabin sunayen da ya jera ba mu san komai game da su ba, amma an rubuta su. A cikin wannan jeri har da Tera uban Ibrahim, wanda Joshuwa ya shaida cewa gumaka ya bauta wa a hayin Kogin Yufiretis. Ba a goge sunansa ba. Ina faɗin haka ne domin akwai wata al'ada da kuka fi saurin rainawa fiye da ta kowa, wato ta kakanninku. Wasu suna koya muku cewa duk abin da ya same ku la'anar gidanku ce, kakanninku ba su bar muku komai ba sai aljanu. Kakanku da ya yi tsafi a gindin kuka ya ɓata a wannan, amma shi ne ya sare dajin da kuke nomawa, shi ya koya wa ubanku cewa ba a cin amana, ba a barin baƙo ya kwana da yunwa. Annabi Ezekiyel ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Wanda ya koyi raina kakansa ba zai iya girmama kakan wani ba.

Ga roƙona gare ku. Tun tsofaffin gidanku suna da rai, ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ɗauki littafi da biro ku rubuta asalinku iyakar inda suka tuna. Ku nace a kan sunayen mata, domin su ake fara mantawa, ku tambayi kowacce daga wane gari aka auro ta, wane harshe ta yi wa 'ya'yanta rarrashi da shi. Kada ku share wadda aka kamo a yaƙi, ko wanda ya musulunta, ko wanda gida yake jin nauyin ambatonsa. Ku kawo abin da kuka rubuta taron matasa, ku karanta Farawa 10 da Matiyu 1 da babbar murya, sa'an nan kowa ya karanta nasa a gaban 'yan'uwa. In kuma kuka gano kuna da dangi a unguwar da kuka daina shiga tun bayan rikici, ku nemi wani dattijo ya raka ku, ku je ku gaishe su kafin Kirsimetin bana.